Tarihin Tafiya Makka Ta Ƙasa: Daga Barno Zuwa Bakin Bahar Maliya

Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi a ƙasar Gashuwa, ya aiko da takarda yana cewa ƙanen kakansa ya tashi zuwa Makka ta ƙasa tun zamanin Turawa, shi da matarsa da jakuna biyu, har yau babu labarinsu. Yana so mu ba shi tarihin wannan hanya, da dalilin da ya sa mutane ke share shekaru a kanta, kuma ko tana biyuwa yanzu.

To Malam, mun gode da takardarka. Da farko dai, manyan sarakunan da, irin su na Kanem da Barno da Mansa Musa na Mali wanda ya yi hajji a 1324, arewa suka riƙa yi, su ratsa Sahara su ɓulla Masar. Wannan tafiya ce ta masu raƙuma da dukiya. Hanyar talaka ita ce ta gabas, wadda ta bi ta Wadai da Darfur da Kordofan. An daɗe da saninta, amma ba ta cika maƙil ba sai daga 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya yi hijira gabas da jama'a masu ɗimbin yawa, aka tare shi a Burmi, ya rasu a wurin yaƙi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har suka sauka a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, inda garin ke amsa sunan Mai Wurno har gobe.

Ga yadda hanyar take. Daga Maiduguri sai Dikwa, sai Gamboru, a ratsa ɗan wuyan ƙasar Kamaru zuwa Kusuri, a haye kogi a shiga Fort Lamy, watau Njamena ta yanzu, wadda aka sake wa suna a 1973. Daga nan sai Ati, sai Abeche, sai Adire a bakin iyaka, sai Janaina a cikin Sudan, sai Alfashir, sai Annuhud, sai Al'ubayyid. Daga Kano zuwa bakin teku tafiyar ta haura kilomita 3,500.

Nisa kam akwai shi, amma mai jaki da ƙoshin lafiya zai iya cinye shi a cikin shekara. Abin da ke riƙe mutane shi ne guzuri. Akasarinsu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba suke barin gida bayan kaka, sauran kuwa a hanya za su neme shi. Ayari yakan tashi da asuba, ya yada zango kafin rana ta take, a bayan gari kusa da rijiya. Madugu ya shiga ya gai da mai gari ya nemi izini, samari su sari ƙaya su kewaye dabbobi saboda kura da ɓarayi, mata su dama gumba ko su tuƙa tuwo da miyar kuka. Idan ruwa ya sauka tafiya ta tsaya ke nan, don kuwa ƙasar firki ta wajen tafkin Chadi ko jaki ba ya fita cikinta da damina. Sai a kafa bukkoki, a ari gona, a yi shuka. In an sami albarka a sayar a ƙara gaba, in ba a samu ba a sake wata daminar a nan. Da haka ne zangon kwana biyu yakan zama unguwa, har da masallaci da makarantar allo da mai unguwa, wanda shi zai sauke ayarin baɗi.

Wani abu da zai ba manoma sha'awa shi ne dabarar mutanen yammacin Kordofan, inda rijiyoyi ke da nisa da juna. Sukan rarake cikin kuka su cika ta da ruwan sama da damina, da rani su ɗiba da guga, har su sayar wa matafiya. Inda babu kuka kuwa, kankana ce ruwan mutum da dabba.

Sudan ce ta fi cinye mutane, domin a can ne aikin kuɗi yake. Jirgin ƙasa ya iso Al'ubayyid a 1912, ga ɗiban ƙaro a Kordofan, sa'an nan a 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira masu bukatar hannu ba iyaka. Mutanenmu, waɗanda can ake kira Fallata ko Takari, suka shiga tsinkar auduga da noman dawa da riɗi a wajen Gadarif, wasu ga-ruwa, wasu wanzanci da yankan farce, mata kuma ƙosai. Tsiren da 'yan Sudan ke kira agashe ma daga hannunsu ya fito. Mutum ya ce bari ya ƙara shekara guda kuɗin jirgi su cika, kafin ya farga ya aurar da 'ya'ya. Saboda haka, Malam, da yawa daga waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu ba mutuwa suka yi a daji ba. Zama suka yi, jikokinsu kuwa 'yan Sudan ne yau, wasu da Hausa a bakinsu.

Sai maganar iyaka, wadda kakanninmu ba su santa da irin wannan siffa ba. Faransa ta kama Abeche a 1909, Ingila ta ci Darfur a 1916, daga nan hanya ɗaya ta koma ƙarƙashin gwamnatoci dabam-dabam, kowace da takardunta da kuɗinta. Aka fito da fasfo na alhazai, da lambar agana, da tsare mutane kwanaki don duba lafiyarsu, musamman a Sawakin inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, aka kuma ce sai mutum ya ajiye kuɗin komowa. A ganinmu dokar lafiya tana da hujja, amma kuɗin ajiya ya fi ƙarfin talaka. Abin da ya biyo baya shi ne mutane suka riƙa zagaye ofisoshin ta daji, wasu su gangara Musawwa da ke hannun Italiya, wasu su shiga ƙananan jiragen iska da dare. An yi asarar rayuka a teku, an kuma sayar da wasu, musamman yara, don sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta.

Zuwan mota ya mai da shekaru makonni. A 1948 Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma a Kano, wadda ake taƙaita sunanta da WAPA. Daga nan Wapa ta Fagge, inda 'yan canji suke, ta samo suna. Duk da haka fasinjan babbar mota bai tsira daga kwanan daji ba, in ta kafe a rairayi ko ƙarfe ya karye sai kowa ya shimfiɗa tabarma a gindinta har a gyara. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗauke masu hali, yaƙin basasar Chadi da ya ɓarke a 1965 kuma ya ƙara kashe wa sauran jiki.

Game da tambayarka ta ƙarshe, amsa ita ce a'a. Bizar hajji ana samunta ne ta hannun hukumar alhazai ta ƙasa, bisa adadin kujerun da Saudiyya ke ba kowace ƙasa. Hanyar kanta kuma ba ta da aminci: rikicin Boko Haram ya addabi yankin Dikwa da Gamboru, Darfur ta shiga yaƙi a 2003, sa'an nan a watan Afrilu na 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. An yi wa Janaina mummunar ɓarna a shekarar, Alfashir ta faɗa hannun RSF a watan Oktoba na 2025 bayan doguwar ƙawanya, kuma dubun dubatar mutane sun tsallako ta Adire suka kafa bukkoki a ƙasar Chadi. Wasu daga cikin ɗaliban Nijeriya da aka kwaso daga Khartum a 2023 ma arewa aka yi da su a motocin safa, suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a ba su izinin shiga su hau jirgi a Aswan.