Asalin Kalmar "Ernst"

Kalmar "Ernst", wadda Jamusawa da mutanen Holan suke amfani da ita har yau, tana nufin rashin wasa, wato ɗaukar al'amari da muhimmanci, shi ya sa Bajamushe kan ce "im Ernst" idan yana son a san da gaske yake. Asalinta shi ne "ernust" na tsohon Jamusanci, wanda ma'anarsa ta fi karkata ga faɗa da dagewa a fagen fama, kuma da yake mahaya na zamanin da suna bambanta karon da ake zubar da jini da gasar dawakai ta nishaɗi, sai ma'anar tsanani ta kafu, ta yaƙi kuwa ta gushe.

A Jamusanci kalmar kan zo a matsayin suna da kuma sifa, alhali a harshen Holan sifar ita ce "ernstig". Da ta zama sunan yanka na maza, an rubuta ta "Ernestus" a Latin, ta kuma yaɗu a matsayin "Ernest" da "Ernesto". Cikin masu sunan akwai Ernst Haeckel, masanin halittu Bajamushe, wanda ya ƙirƙiri kalmar "Ökologie", wato nazarin dangantakar halittu da muhallinsu, a shekarar 1866.