Tseren kwale-kwale mai dogon zango

Tseren kwale-kwale mai dogon zango wasa ne da ake yi a kan kogi, inda matuƙa ke tafiyar kilomita masu yawa da ƙarfin damtsensu, ba tare da inji ba. Wasu gasannin ana gama su a yini ɗaya, wasu kuma sai an kwana biyu ko uku. Ana amfani da jirage iri biyu: kwale-kwale, wanda ake tuƙawa da filafili mai baki ɗaya, da kayak, ɗan siririn jirgi mai rufi da ake tuƙawa a zaune da filafili mai baki biyu. Asalin kayak daga mutanen Inuit ne, waɗanda suke haɗa shi da fata da itace ko ƙashi domin farauta. A irin wannan gasa yawancin haɗari yana zuwa ne daga gajiya da sauyin ruwa da rashin sanin kogi, shi ya sa dokokin kariya suka zama babban ɓangare na wasan.

Fitattun gasanni

A Afirka ta Kudu ana yin gasar Dusi daga Pietermaritzburg zuwa Durban, kimanin kilomita 120 cikin kwana uku. An fara ta a shekarar 1951, kuma cikin mutum takwas da suka tashi, Ian Player ne kaɗai ya kai ƙarshe. A Ingila akwai tseren Devizes zuwa Westminster wanda ya samo asali a 1948. Tsawonsa kusan kilomita 200 ne, kuma akwai wurare 77 da dole matuƙa su fito su ɗauki jirginsu su zagaye. A Kanada ana yin tseren kogin Yukon mai tsawon kilomita 715 daga Whitehorse zuwa Dawson, inda doka ta tilasta wa kowa tsayawa ya huta a hanya.

A ƙasar Hausa

Tseren kwale-kwale yana cikin wasannin bikin kamun kifi na Argungu a kogin Matan Fada, bikin da aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016. Haka nan ana yin Rigata a Yauri a kan kogin Neja. Waɗannan tseren gajeru ne, amma suna da tsari na gargajiya: Sarkin Ruwa da masunta su ne suka san zurfi da wuraren haɗari, kuma ba a shiga ruwa sai da izininsu.

A kudancin Jigawa, kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a samansa, yana tasowa daga tsaunukan Jos ya ratsa ta yankin Gwaram. Kogi ne mai bin damina: yana cika a watannin Agusta da Satumba, da rani kuma ya janye ya bar yashi. Ruwan sama da aka yi can nesa yana iya kumbura shi cikin sa'o'i kaɗan ko da ba a yi ɗigo ɗaya a Gwaram ba. Don haka hanyar da aka bi lafiya jiya tana iya zama wata daban yau.

Haɗurra

*Gajiya da ƙishirwa.* Bayan sa'o'i da yawa ana tuƙi a rana, hannu yakan yi sanyi, hankali kuma ya ragu. Galibin kurakurai a wannan lokaci ake yin su.

*Itatuwa da ƙafafun gada.* Bishiyar da ta faɗa cikin kogi tana barin ruwa ya wuce ta tsakanin rassanta, amma tana riƙe mutum da jirgi, ƙarfin ruwa kuma ya danne su.

*Ƙananan madatsun ruwa.* Ruwan da ke zubowa daga kan madatsa yana juyawa a gindinta, ya riƙa mayar da duk abin da ya faɗa ciki. Gwanin iyo ma da wuya ya fita, shi ya sa ake sauka a zagaye ta ƙasa.

*Namun ruwa da cuta.* A wasu sassan kogin Neja da Binuwai akwai dorina da kada. Ana kamuwa da tsargiya ta hanyar taɓa ruwan da ke da dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar cutar, shan ruwan kogi kuma yana kawo gudawa.

*Hadari da sanyi.* Iska tana kifar da ƙaramin jirgi, kuma mai tuƙi a fili yana cikin haɗarin tsawa. Jiƙaƙƙen mutum da dare ko lokacin hunturu yana saurin rasa ɗumin jikinsa.

Matakan kariya

Kafin gasa, ana buƙatar mai shiga ya iya iyo, ya yi watanni yana atisaye, ya kuma koyi kifewa da komawa cikin jirgi a ruwa marar ƙarfi. Masu shirya gasa sukan bi kogin tun da wuri, su tambayi masunta da masu fito, su ware wuraren tsayawa inda ake ƙirga matuƙa da duba lafiyarsu, tare da ajiye jiragen ceto.

Kayan da aka fi wajabtawa su ne rigar kariya daga nutsewa wadda ta yi daidai da jiki kuma aka ɗaure ta, da usur, da tocila, da ruwan sha mai tsabta, da abinci, da waya a cikin leda marar shigar ruwa. Shan ruwa kaɗan-kaɗan tare da ruwan gishiri da sukari yana mayar da abin da gumi ya fitar.

Idan jirgi ya kife a ruwa mai gudu, mutum yana kwanciya rigingine ne, ƙafafunsa na gaba wajen da ruwa ya nufa, ya kasance ta bayan jirgin don kada ya matse shi da dutse. Ba ya ƙoƙarin miƙewa tsaye sai ruwan ya yi ƙasa da gwiwa, domin ƙafa tana iya maƙalewa. Al'adar wasan ce duk wanda ya ga wani cikin haɗari ya bar tsere ya taimaka masa.

Doka a Najeriya

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta sanya rigar kariya, ta kuma hana tafiyar dare da lodi fiye da kima. Haɗarin jirgin fasinja da ya auku kusa da Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, inda mutane da dama suka rasu, yana cikin abubuwan da suka ƙara jawo hankali ga waɗannan dokoki.