Yadda Bagaruwa Ta Rasa Sunanta Na Kimiyya

Tun daga shekarar 1753, lokacin da Carl Linnaeus ya wallafa littafinsa Species Plantarum, masana suka ɗauki al'adar raɗa wa kowane tsiro suna mai kalma biyu a harshen Latin: ta farko tana nuna zuriyar da tsiron ya fito, ta biyu kuma tana ware shi daga 'yan uwansa. Kowace zuriya tana da tsiro guda da aka jingina sunanta gare shi, kuma a zuriyar Acacia, wadda Philip Miller ya kafa a 1754, bagaruwa ce ta riƙe wannan matsayi, wato itaciyar da majeman Kano ke jima da 'ya'yanta.

Da binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa itatuwan da aka tara ƙarƙashin Acacia ba tsatsonsu ɗaya ba, sai rabawa ta zama dole. Bisa ƙa'ida, bagaruwa da danginta ne ya kamata su gaji sunan, amma a 2003 masana biyu daga Ostireliya, Orchard da Maslin, suka nemi a mayar da shi ga itatuwan ƙasarsu, waɗanda suka kai kusan 1,000. A taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Vienna a 2005, fiye da rabin ƙuri'un sun ƙi amincewa, sai dai ba su kai kashi 60 cikin ɗari da aka gindaya ba, don haka buƙatar ta wuce. Taron Melbourne na 2011 ya tabbatar da ita. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara mai ba da ƙaro ta zama Senegalia senegal.

Wannan hukunci ne yake aiki a dandalin iNaturalist, wanda aka kafa a 2008 domin mutanen da ba ƙwararru ba su riƙa ɗora hotunan halittu ana tantance su tare, saboda a fannin tsirrai dandalin yana bin kundin lambun Kew na Ingila. Hoto ba ya shiga sahun bayanan bincike sai fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa sun haɗu a kan suna ɗaya, kuma idan suna ya tsufa, masu kula da dandalin ne ke sauya shi a dukkan bayanan. Gyaran da aka yi wa Acacia ya dace da ilimi ta fuskar raba zuriya, amma ƙwace sunan daga itatuwan Afirka ba a yi shi bisa adalci ba.