Nana Asma'u Da Hidimar Gidan Waziri

Idan aka yi wa matar aure zancen karatu, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakinta ita ce, ina ta ga sarari? Gaskiyarta kuwa. Tun da assalatu ta ke tashi, ga shara, ga ɗiban ruwa, ga surfe da daka, ga goyo a baya, ga na yaye yana jan zane, kafin ta sauke tukunyar rana lokacin ɗora ta dare ya yi. Wannan kuka ba yau aka fara shi ba. Akwai wata mace a Sakkwato da ta ji shi a bakin matan zamaninta, ita ma kuwa da nata nauyin a kanta, ta zauna ta yi tunani har ta samo masa dabara. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Jama'a sun fi saninta da waƙoƙi da malanta. Mu kuwa a nan abin da za mu duba shi ne yadda ta shirya al'amuranta, har ta riƙe miji da 'ya'ya da babban gida, ta kuma sami damar karantar da mata a garuruwan da ƙafarta ba ta taka ba.

An haife ta a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekarar 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka rene ta. Ɗegel kuwa ba garin sarauta ba ne, tungar malamai ce, kowa da aikin hannunsa. Shi kansa Shehu igiya ya ke tufkawa, mata suna kaɗin auduga, karatu kuma yana tafiya tare da aikin, maza da mata. Nan ta tashi ta ga ana haɗa allo da mazari a ɗaki guda ba wanda ya hana wani.

Ba ta fi shekara 11 ba aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804. Daga wannan rana jama'a ba su sake zama wuri guda ba sai bayan shekaru. Aka yi yaƙin Tafkin Kwatto aka ci nasara, aka yi na Tsuntsuwa aka sha kashi, inda mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka yi shahada, daga nan aka gangara Zamfara, sa'an nan aka koma Gwandu. Masu ba da tarihi sun fi ƙirga dawaki da mayaƙa, amma mai karatu ya tsaya ya tuna da waɗanda ke bayan rundunar. Duk inda aka sauka, mata ne za su kafa murhu, su nemo ruwa da itace, su auna ɗan hatsin da ya rage ya kai kwanakin da za a yi, su yi jinyar masu rauni, su rungumi marayu. Yunwa ta yi tsanani a wannan tafiya, ciwo kuma ya kashe mutane da yawa. Yarinyar da ta girma cikin irin wannan hali ba sai an koya mata darajar tsaba ɗaya ta gero ba, ba sai an gaya mata cewa kayan da ba a ɗaure tun dare ba, da safe baya a ke barinsu.

A 1807, tun ba a ci Alƙalawa ba, aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817 Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. To, gidan Waziri ba kamar sauran gidaje ya ke ba. Nan wasiƙun sarakunan gabas ke sauka, nan manzanni ke jiran amsa, nan malamai da fatake da Larabawa ke neman iso. Baturen nan na Ingila, Kyaftin Kilafatan, da ya zo Sakkwato a 1824, ya kuma komo a 1826, a hannun Giɗaɗo aka sa shi, shi ya ba shi masauki. Kowane baƙo kuwa, babba ko ƙarami, akushinsa daga cikin gida ya ke fitowa.

Ga yadda babban gida ya ke gudana a wannan zamani. Ba injin niƙa, ba famfo, ba kanti. Hatsi a rumbu ya ke da zangarniyarsa, sai an ɗebo an sussuke an sheƙe, a surfa a wanke a shanya, sa'an nan a daka ko a niƙa a dutse, a tankaɗe. Tuwon da za a ci da magariba tun hantsi a ke fara aikinsa. Furar baƙon da zai iso da azahar tun da safe a ke kirɓa ta. Tufar da za a sa da salla tun kaka a ke fara gurzar audugarta, a kaɗa zare a kai wa masaƙi, daga nan a kai marina. Saboda haka macen da ba ta iya hangen gobe ba, ba ta iya riƙe irin wannan gida. Abin da ya sauƙaƙa shi shi ne rabon aiki: kowace matar gida da kwanan girkinta, kowace yarinya da abin da aka ɗora mata, akwai kuma mai auna hatsi ta san mudu nawa ke fita kullum. Kada kuma mu ɓoye gaskiya, a gidajen manya na lokacin akwai bayi da kuyangi, su ne ke ɗauke da mafi nauyin daka da ɗiban ruwa, Asma'u ba ta rasa masu taimako ba kamar yadda matar talaka ta rasa. Amma wanda ya taɓa shugabantar mutane ya san yawan hannuwa ba ya rage wa mai tsari aiki, sai dai ya sake masa kama. Sai ta san wanda ya ci da wanda bai ci ba, da wadda ba ta da lafiya, da waɗanda suka yi faɗa tun jiya ba su shirya ba.

Cikin wannan hidima ta haifi 'ya'ya maza 6, da wankan jego da goyo da yaye na kowannensu. Ba ta kuwa tsira daga abin da ke samun uwaye ba. Kilafatan ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa yana Sakkwato a 1824 ɗan Waziri, wanda 'yar'uwar Bello ta haifa, ya rasu da ciwon agana. Daga baya Bello ya gina ribaɗi a Wurno ya mai da zamansa can, Waziri kuwa ba ya nisa da Sarkinsa, sai hidimar ta zama ta gari biyu.

Duk da haka, a 1820, tana da shekara wajen 27, da ƙananan yara a gabanta, ta rubuta littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci. Ta san Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin harshen Abzinawa. Ƙarfin gwiwar wannan daga mahaifinta ta samo shi. A cikin littafinsa Nurul Albabi Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna amfani da su kamar kayan ɗaki, ya kuma nuna cewa girki da wanki da a ke ɗora musu bai kai neman sanin addini zama wajibi a kansu ba. Shehu ya faɗi hukunci. Yadda za a aikata shi a gidan da tukunya ba ta jira, wannan 'yarsa ce ta warware.

Matsalar da ta tarar ga ta. Yaƙe-yaƙe sun tara mata masu yawa a ƙauyukan Sakkwato, waɗansu gwauraye, waɗansu kamammu daga Gobir da sauran wurare, mafi yawansu Hausa kaɗai su ke ji, kuma idan ciwo ko baƙin ciki ya same su bori suka sani. Ba su iya barin gidajensu su zo birni su zauna gaban malama, ita ma ba ta iya barin nata gida ta bi su. Wani da ya ce a tara su duka a gina musu makaranta, a yi wata biyu abin ya watse, don damina za ta zo, yara za su yi ciwo, mazaje za su yi gunaguni.

Asma'u ba ta yi haka ba. Wajen ƙarshen zamanin Bello ta kafa abin da a ke kira 'Yan Taru. A kowane gari ta kan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji, watau sunan da fatake ke kiran mai jan ayari. Ta kan ba ta malfa a ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Wannan ma da hikima a ciki, domin malfa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su, shugabar 'yan bori, sai ga alamar da mata suka saba girmamawa ta koma kan mai koyar da salla. Jaji ita ke jawo ayarin mata zuwa wurin Asma'u, su kwana biyu suna ɗaukar karatu, su koma.

Abin da ya fi burge ni cikin shirin shi ne waɗanda ta ce su zo. 'Yan mata ne waɗanda ba su shiga ɗakin miji ba, da manyan mata waɗanda suka gama haihuwa. Masu ciki da masu goyo da masu ƙananan yara, su ta bar su a ɗakunansu, karatun ya je ya same su. Wanda bai san gida ba sai ya ce an ware su. A'a, uwa ce ta yi wa uwaye shiri. Ta san abin da tafiyar kwana biyu a ƙasa ke yi wa jariri, ta san abin da ke faruwa a gidan da mai girki ta yi nisa. Tsohuwa kuwa ba mai hana ta fita, maganarta kuma ana ji, yarinya ga ƙwaƙwalwa mai kama abu da wuri. Idan suka komo, tsohuwa ta shiga gida gida, yarinya ta rera a tsakar gida, mai goyo tana tankaɗe tana ji.

Shi ya sa ta zuba karatun cikin waƙa. Littafi yana son hannu biyu da ido da zama, waƙa kuwa kunne kaɗai ta ke so, ana iya ɗaukarta ana kaɗi, ana iya maimaita ta a bakin turmi. Ta yi wata gajeruwar waƙa mai baiti 30 wadda ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114, da Fillanci tukuna, daga baya da Hausa. A 1831 ta mai da waƙar Shehu ta Fillanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa da har yanzu a ke rerawa. Da Bello ya rubuta littafi a kan salihan mata na da, ita ta mai da shi waƙa, ta ƙara da matan da ta sani da idonta a cikin jama'ar Shehu, don mai sauraro ta gane ba labarin mutanen nesa kaɗai ba ne. Ta yi waɗansu a kan alwala da salla da azumi da tsoron Lahira, ta kuma rubuta littafi da Larabci a kan magani da ayoyin Alƙur'ani, inda ta kula da abin da ke damun mata, kamar naƙuda da ciwon yara.

Matan ba su zuwa hannu sake. Su kan kawo hatsi da zuma da man shanu da zane, sadaka. Asma'u ba ta tara wannan a ɗakinta ba, ta kan raba wa makafi da guragu da gwauraye da marayu, watau ayari ɗaya ya kawo abinci birni ya koma da ilmi ƙauye. A garuruwansu kuma 'Yan Taru su ke wankan gawar mata, su share masallaci, su koya wa yara, su sasanta masu faɗa. Aikin da mace guda ba ta iya yi ko da ba ta barci, sai ga shi ya rabu a hannun mata da yawa, kowace ta ɗauki gwargwadon ƙarfinta.

Marsiyoyin da ta yi su ma suna nuna abin da ta ke ganin girmansa. Ta yi wa Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, wadda ba sarauta gare ta ba, ba a kuma san ta da malanta ba, ta yabe ta da haƙuri da kirki ga maƙwabta da kula da zumunci. Ta yi wa wata jajinta Hauwa'u, ta tuna yadda ta ke jawo mata zuwa karatu ba gajiya. Malamai da yawa sun yi wa sarakuna da mayaƙa waƙa, kaɗan ne suka ga macen da ta riƙe gidanta lafiya ta isa a sa sunanta a takarda.

Akwai wani aiki nata kuma da ya yi kama da na mai adana kayan ɗaki. Bayan rasuwar Shehu ta shiga tattara rubuce-rubucensa da suka sha yawon hijira a cikin gafaka, bayan rasuwar Bello kuma ita da Giɗaɗo suka dukufa ga rubuta labarin mutanen biyu don 'yan baya, shi da zube, ita da waƙa. 'Ya'yan da ta rena su suka gaji gidan. A zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya hau a 1842, ɗanta Abdulƙadir ne Waziri, daga baya wani ɗan Giɗaɗo, Abdullahi Bayero, ya riƙe sarautar, har yau kuwa unguwarsu a Sakkwato Giɗaɗawa a ke ce mata.

Ta rasu a 1864, tana da shekara 70 da 'yan kai, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. 'Yan Taru ba su watse ba, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓarsu a Wurno. Takardunta kuwa suka zauna a gidan Waziri har suka iso hannun Waziri Junaidu, jikan ɗanta Ahmadu, wanda ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, waɗannan takardu, ta yi shekaru tana aiki a kansu, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukanta wajen 60 a littafi guda, na Larabci da na Fillanci da na Hausa, tare da fassararsu.