Daga Wuri zuwa Tamma: Tarihin Lanho a Ƙasar Adar

Duk mai son fahimtar nauyin da ke kan rawani a ƙasar Adar, to ya dubi tarihin lanho. Tun kafin zuwan Nasara, manoman arewacin Adar sun saba fitar da hatsi ga Abzinawan Kel Dinnik, domin samun kariya da zaman lafiya. Abin da ya canza bayan Faransawa sun kafa bariki a Tawa, a farkon ƙarni na 20, shi ne irin abin da ake karɓa da kuma hanyar karɓarsa.

A shekarar 1900 majalisar Faransa ta kafa doka cewa kowace ƙasar da ke ƙarƙashin mulkinta ta ɗauki nauyin kanta. Nijar kuwa ba ta da tashar jirgin ruwa da za ta samar da kuɗin fito mai yawa, saboda haka aka ɗora giɓin baitulmali a kan mutane da dabbobinsu: lanho a kan kowane kai, jangali a kan garke. Da farko an karɓi wuri da hatsi da dabbobi, daga baya kwamandan ya ce sai tamma. Manomin da ba ya da abin sayarwa sai ya kama hanyar cin rani zuwa Sakkwato da Kano, daga bisani har Ghana da Abijan. Neman kuɗin lanho na cikin manyan dalilan da suka mayar da Adarawa matafiya.

A nan sarakuna suka tsinci kansu tsaka mai wuya. Su ke taimaka wa ƙidaya, su ke tara kuɗi ta hannun masu gari, ana ba su kaso. In kuɗi bai cika ba, rawani na iya faɗuwa. In an matsa, talakawa su tsallaka iyaka cikin dare. Yunwar 1913 zuwa 1914 da ta 1931 sun nuna illar karɓar lanho daga rumbun da babu komai cikinsa. An soke aikin tilas a 1946, amma lanho ya ci gaba har bayan samun ƴancin kai a 1960.

Farin da ya yi tsanani a 1973 ya hallaka dabbobi, ya kuma share fagen juyin mulkin Seyni Kunce a watan Afrilun 1974. Albarkacin kuɗin yuraniyom na Arlit, gwamnatinsa ta soke jangali da lanhon kai na ƙasa, aka bar harajin gunduma kawai. Sai dai farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, giɓi ya dawo. Aka shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka kuma shigo da harajin TVA a 1986, wanda ke ɓoye cikin farashin kaya.

A 2005, shekarar da yunwa ta addabi jihar Tawa, gwamnati ta shimfiɗa TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan madara, fulawa, sukari, ruwa da wutar lantarki. Jama'a suka rufe kasuwanni a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, har aka janye harajin daga madara da fulawa cikin watan Afrilu.

Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, harajin da masu gari ke tarawa ya koma shiga asusun magajin gari, wato kuɗin ya matso kusa da idon mai biya. Wannan tarihi ya nuna cewa Ba'adare bai taɓa ƙin biyan abin da ya ga amfaninsa ba: rijiya, makaranta, asibiti, gyaran kasuwa. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hakkin hukuma ne ta bayyana inda kowace dala ta shiga, hakkin sarakuna kuma su faɗa mata gaskiya idan damina ta gaza.

Allah ya ba mu damina mai albarka da shugabanni masu riƙon amana, amin.