Farin Sahel da laifin da aka ɗora wa manomi

A shekarar 1935 wani masanin daji ɗan Ingila mai suna Stebbing, bayan ya zaga arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ya yi shelar cewa Sahara tana tahowa kudu, kuma sassaben manoma da kiwon makiyaya ne suke buɗe mata hanya. Maganar ta tada hankalin masu mulkin mallaka har suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Faransa da Ingila, wanda ya bi iyakar ƙasashen biyu a 1936 zuwa 1937. Kwamitin ya dawo da rahoton cewa bai ga hamadar da take tafiya ba. Amma rahoton ya kwanta cikin akwati, zargin kuwa ya yi tsawon rai. A waccan shekara ta 1935 ne kuma Faransa ta kafa dokar gandun daji a ƙasashen da take mulka a yammacin Afirka, dokar da ta mai da itatuwa masu daraja ƙarƙashin ikon hukuma, ko da a tsakiyar gonar mutum suke.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar yunwa ba ce: kakanni sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Sai dai shekarun 1950 sun zo da damina mai albarka, gyaɗa ta zama hanyar biyan haraji da samun kuɗi a Maraɗi da Damagaram, gonaki suka yi ta matsawa arewa har gwamnati ta shata iyakar noma da doka a 1961. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. A 1973 rumbuna suka ƙare, shanu suka faɗi a bakin rijiyoyi, Buzaye da Fulanin da suka rasa dukiyarsu suka taru a sansanonin agaji. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da rabon cimaka yana cikin hujjojin da suka bayar. Shekara goma bayan haka farin 1984 ya sake bugawa, a lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta, abin da ya sa jama'a suka laƙaba wa wannan yunwa sunan Buhari.

Duniya ta nemi dalili, sai ta tarar da tsohon zargin yana jiranta. A 1975 Jule Charney, babban masanin yanayi na Amurka, ya ba shi rigar kimiyya: idan dabbobi suka cinye ciyawa aka sare itatuwa, ƙasar da ta tsiraita tana mai da hasken rana sama, iska ta riƙa saukowa maimakon hawa, hadari ya kasa haɗuwa. Ma'anar wannan a fili take, wato wanda ya rasa hatsinsa da garkensa shi ya jawo wa kansa. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977 ya tafi a kan wannan fahimta, haka ma littattafan makaranta da yawa. Malamai nawa ne suka tsaya gaban allo suna koya wa ƴaƴan manoma cewa iyayensu ne suka kira hamada?

Amsar ta fito daga teku. A 1986 masana na hukumar yanayi ta Ingila, cikinsu har da Folland, suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da bambancin zafin ruwan teku tsakanin arewa da kudancin duniya. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka zuba tarihin zafin tekuna kaɗai cikin kwamfuta, ba su faɗa mata komi game da akuya ko gatari ba, sai ta fito da wani babban ɓangare na hawa da saukar daminar Sahel na ƙarni na 20. Wasu binciken na waɗannan shekaru suka ƙara wani abu mai nauyi. Hayaƙin farar wuta da masana'antun kwal na Turai da Amurka suka yi ta fitarwa bayan yaƙin duniya na biyu ya rage wa arewacin Atlantika hasken rana, ya sanyaya shi, kuma wannan sanyi ya taimaka wajen tura layin damina zuwa kudu. Masana suna tattauna ko kashi nawa ne na hayaƙin, kashi nawa na juyin teku na ɗabi'a, amma babu mai sake cewa manomin Dakoro ne ya hana ruwan 1973.

Ba a ce sare itace ba ya ɓata ƙasa. Yana ɓatawa, kuma Nijar ta amsa nata kason a muhawarar ƙasa da aka yi a Maraɗi a 1984. Abin lura shi ne daga inda gyaran ya zo. Gandayen dashe masu tsada sun fi mutuwa da rayuwa. Abin da ya kama shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya yaɗa tare da manoman jahar Maraɗi tun daga 1983: a bar tohon kututture, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi, a datse sauran. Da tsoron ma'aikatan daji ya ragu, manomi ya ga itacen gonarsa nasa ne, sai gawo da kalgo da sabara suka dawo, kafin ma dokar daji ta 2004 ta zo. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna wajen hekta miliyon 5 da suka farfaɗo, da itatuwa kusan miliyon 200. Waɗanda aka kira masu kawo hamada su ne suka yi wannan aiki, da lauje da adda.

Lissafin yau bai fi na jiya adalci ba. Ɗan Nijar yana fitar da wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ɗaya na iskar kabon a shekara daga mai da kwal, ɗan Amurka kuwa fiye da tan 13. Gaskiya ne ƙasar tana ƙona kwal ɗin Anu Araren, ta buɗe matatar mai kusa da Damagaram a 2011, kuma garkunanta suna fitar da iskar da take ɗumama duniya. Duk da haka kasonta a cikin abin da ya taru a sararin sama tun farkon zamanin masana'antu bai taka kara ya karya ba. Uraniyom ɗin Arlit, da aka fara haƙowa a 1971, ya shafe shekaru yana cikin makamashin da ya ba Faransa lantarki marar hayaƙi, alhali mafi yawan ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu.

An amince a Riyo a 1992 cewa nauyin na kowa ne amma ba daidai yake ba. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala miliyar 100 kowace shekara kafin 2020, ba su cika ba sai a 2022, mafi yawa kuma bashi ne. Asusun biyan asara da ɓarna, sai a wannan shekarar ta 2022 aka yarda da kafa shi a Masar.

Ruwan kuma ya dawo da wata sabuwar fuska. Binciken da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan guguwar ruwa a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, saboda Sahara tana ƙara zafi. A 2020 kogin Kwara ya haye madatsunsa ya shiga unguwannin Yamai. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasar, jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya jiƙe ya rushe.