Tarihin Binciken Gigin Tsufa da Hoton Ƙwaƙwalwa a Arewacin Najeriya

Gigin tsufa, wanda likitoci ke kira cutar mantuwa, lalacewa ce da ke cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali har mutum ya manta sunan 'ya'yansa, ya ɓata a unguwar da aka haife shi, ya kasa riƙe adadin raka'o'in sallarsa. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Ganin wannan lalacewa a kan mai rai bai zo da sauƙi ba sai bayan da aka fara amfani da na'urar CT a Landan a 1971, daga baya kuma MRI, wadda ke amfani da maganaɗisu maimakon hasken hoton ƙashi, kuma ta fi nuna yadda sashen da ke riƙe tunani yake motsewa. Najeriya ta sami CT ɗinta ta farko a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1987.

Alƙaluman da ake yawan jinginawa ga Najeriya baki ɗaya daga gari guda suka fito, wato Ibadan. Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, likitan jijiyoyi na Ibadan wanda ya rasu a 1995, shi ne ya fara bin gida-gida a garin Igbo-Ora yana ƙirga masu cututtukan jijiya, kuma rahoton da aka fitar a 1988 ya nuna cutar karkarwa ta Parkinson ta fi ƙaranci ƙwarai a can idan aka kwatanta da baƙaƙen fata na wata gunduma a jihar Misisipi. A 1992 ya haɗa hannu da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana suka buɗe wani bincike mai dogon zango da ya kwatanta tsofaffin Yarbawa na unguwar Idikan a Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis, duka masu shekara 65 zuwa sama. Sakamakon 1995 ya nuna gigin tsufa ya kama kashi 2.29 cikin ɗari a Ibadan, alhali a Indianapolis ya kai kashi 8.24, sannan rahoton 2001 ya nuna sababbin kamuwa a shekara kashi 1.35 ne a Ibadan, 3.24 a Amurka. Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne ƙwayar gado da ake kira APOE4, wadda ke ƙara haɗarin cutar Alzheimer a wajen Turawa, da farko ba a ga tana yin wannan tasiri a Yarbawa ba, daga baya kuma da aka ga alamarsa sai ya zama mai rauni. Bayan rasuwar Osuntokun, Adesola Ogunniyi da Olusegun Baiyewu suka riƙe aikin, kuma a nan aka inganta gwajin jera tsinken ashana, wanda ya maye gurbin zane da alƙalami domin tsohon da bai taɓa shiga makarantar boko ba kada a ɗauki rashin sabo da takarda a matsayin cuta.

Sai dai adadin bai tsaya wuri ɗaya ba. Binciken tsufa na Ibadan da Oye Gureje ya jagoranta ya ba da kimanin kashi 10 a 2006, wani bincike a Jos a wannan shekarar ya ba da kashi 6.4, na Zariya kuwa, wanda A. J. Yusuf da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 bayan sun duba tsofaffi 322, ya tsaya a kashi 2.79. Bambancin ya fi komawa ga hanyar awo fiye da mutanen da aka auna, domin binciken da ya tsaya ga tambayoyin tantancewa kaɗai yakan ba da adadi mai yawa, wanda kuwa likita ya sake duba kowane mutum da kansa yakan ba da kaɗan. Saboda haka adadin Zariya da na Idikan sun fi cancanta a dogara da su, ko da yake mutum 322 ba su isa su wakilci ƙasar Hausa ba. Ya kamata kuma a lura cewa da tambaya da duban likita aka samo yawancin waɗannan alƙaluma, hoton ƙwaƙwalwa bai taka rawar a zo a gani a cikinsu ba.

A Arewa hankalin likitocin ƙwaƙwalwa ya daɗe yana kan cututtukan da ke kisa da gaggawa, kuma ba za a ga laifinsu ba: sanƙarau na 1996 da na 2017, farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki, da gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. A Sakkwato, Farfesa Bello Bala Shehu ya gina sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har ya zama cibiyar yanki, a Kano kuma Lukman Owolabi ya yi rubuce-rubuce kan farfaɗiya da cutar Parkinson daga Asibitin Malam Aminu Kano.

Wanda ya shiga binciken tushen cutar mantuwar kanta daga 'yan Arewa shi ne Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, wanda ya karanta ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, ya yi digiri na biyu da na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila ƙarƙashin Farfesa Louise Serpell, ya kammala a 2017. Aikinsa ya ta'allaƙa ne a kan tau, wani furotin da aka sani da tallafa wa zaren da ke cikin ƙwayar jijiya, wanda idan ya lalace yakan cukurkuɗe ya kashe ƙwayar, kuma wannan cukurkuɗewa tana cikin manyan alamomi biyu na cutar Alzheimer. A wata takarda ta 2018 Maina da abokan aikinsa sun nuna cewa tau yana da wani aikin dabam a can cikin cibiyar ƙwayar halitta, a gurbin da ake harhaɗa injinan ƙera furotin, kuma matsayinsa a wurin yana sauyawa idan ƙwayar ta shiga matsi. A 2021 ya jagoranci wani nazari a mujallar Nature Communications da ya tace takardu 5,219 na ilimin ƙwaƙwalwa da aka yi a Afirka daga 1996 zuwa 2017, inda aka ga Masar da Afirka ta Kudu sun kwashe fiye da rabi, Najeriya na biye da kashi 11, kuma kaɗan ne daga ayyukan nahiyar suka yi amfani da na'urorin zamani masu zurfi. Wannan giɓi ne ya sa a shekarar aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da madubin ƙara girma masu ɗaukar hoton cikin ƙwayar halitta, da shirin raino ƙwayoyin jijiya daga jikin 'yan Afirka, domin kusan duk waɗanda ake gwajin magani a kansu a duniya daga Turawa aka samo su. Darajar wannan shiri tana komawa kai tsaye ga tambayar da Ibadan ta bari a buɗe game da APOE4.

A ƙasar Gobir ta gabashin Sakkwato, wato Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke bakin iyaka, babu ko ɗaya daga binciken da aka ambata da ya taka ƙafa. Tsohon da ya rikice a gida ake riƙe shi, 'ya'ya mata da surukai ke ɗawainiyarsa, a nema masa rubutu da tofi wajen malamai, wasu kuma su danganta abin ga iskoki, a ƙasar da sarautar Inna ta daɗe tana shugabantar bori. Wanda likita ya tura ɗaukar hoton kai sai ya nufi Sakkwato, masu taɓin hankali kuma asibitin tarayya na Kware, ko da yake Maraɗi da ke ƙetaren iyaka ta fi kusa da Sabon Birni a nisan ƙasa. Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin yankin, musamman bayan ƙona matafiya a cikin mota a Disamban 2021, tafiyar da kanta ta zama abin da iyali ke aunawa kafin su ɗora tsoho a mota, kuma wannan matsalar tana iya hana masu bincike bin gida-gida irin na Igbo-Ora da Zariya.